Fitilar da Ba a Gwada Ba

Shagon mijin yayata yana bakin kasuwar Jega. Kayan wuta ake sayarwa a ciki, kuma fitilun ado sun kasu kanta uku. Ta ƙasa, daidai gwiwar mutum, ita ce ta ƙwayaye masu launi, da fitilun caji, da igiyoyin nan na 'yan mitsi-mitsin fitilu da ake zagaye madubi da su. Ta tsakiya ta fitilun bango ce, wasu kamar fure, wasu kamar ƙwarya a kife. Ta sama ba kanta ba ce sosai, ƙarfe ne aka gitta a ƙarƙashin silin, aka rataye manyan fitilu masu rassa, waɗanda duwatsun gilashi ke lilo a jikinsu. Mata suna ce musu masu 'yan kunne, mu ma haka muke ce musu.

Na shiga shagon ne bayan na gama hidimar ƙasa, da niyyar in ɗan fake kafin aiki ya fito. Tarihi na karanta a jami'a, ba wuta ba, amma a wajenmu duk wanda ya yi boko ana ɗauka ya san abin da ke cikin waya. A hankali na koyi haɗa wayar, na koyi rataye fitila, na sha jan wuta a yatsa. A gidan mijin yayar tawa nake kwana, a ɗakin da ke jikin zaure, tuwon gidan nake ci. Alhaji nake ce masa kamar kowa. Ba zan ce yana wulaƙanta ni ba, don bai taɓa yi ba. Sai dai wanda ke ci a gidan mutum yana kuma tsaron shagonsa, akwai maganganun da ba ya iya yi, ko da babu wanda ya hana shi.

Abin da ya fi ba ni wuya ba wayar ba ce, mutane ne. A shagon nan ba a tambayar mai saye nawa ya zo da shi. Alhaji ya ja mini kunne a kan haka tun farkon zuwana. Ya ce in dubi takalmi, in dubi wayar hannu, amma kafin komai in dubi ko mutum shi kaɗai ya shigo ko da rakiya. Wanda ya zo shi kaɗai yana iya fara kallon sama, ya ji kuɗi, ya yi dariya, ya sauko har ƙasa ya ɗauki ƙwai shuɗi ya tafi, babu wanda ya ji. Wanda ya zo da aboki ko da maƙwabci ba ya saukowa. Inda idonsa ya fara tsayawa a gaban mutane, nan zai saya, ko da gidansa zai kwana da yunwa. In ka fara nuna masa ta ƙasa ka zage shi. In ka fara da ta sama ka ɗaure shi. Alhaji tun daga bakin ƙofa yake gane inda zai tsayar da mutum. Ni kuwa kullum tsakiya nake maƙalewa, in yi ta bayani, wannan tana da kyau amma fa ya danganta, waccan ma ba laifi sai dai ban san ɗakin ba, har mai saye ya gaji ya ce a kira masa mai shagon.

A shekarar da nake magana, albasar kawuna ta ruɓe. Kawu yayan mahaifiyata ne, a Andarai yake zaune, noman rani yake yi a fadama. Ya zuba albasar a rudu, rumfar karan nan da ake ajiye ta a jira kasuwa ta tashi, sai danshi ya shige ta. Kafin a farga mafi yawanta ta zama ruwa, ragowar kuma aka sayar da ita a wulaƙance. Ga shi an sa ranar bikin 'yarsa, wadda ta gama kwalejin horar da malamai, za ta auri wani manomi a Jiga Birni da suka daɗe suna son juna. Kayan ɗaki a wuyan uba suke. Gado da katifa da kujeru ya riga ya yi su, da ƙyar.

Inna ce ta kira ni a waya, ana gobe kasuwa.

"Kawunka na shigowa Jega gobe. Mai 'yan kunne yaka son sayen ma yarinyag ga. Injin ban-ruwa zai sayar, ya ce ma mutane gyara zai kai shi. Kar ka bari shi rabu da injin nan, ka ji ko? In ya tahi, bana babu noman rani, kuma ka san shekarunshi, ba shi sake sayen wani."

Na ce, "Inna, to ni yaya zan yi? In ce masa kada ya saya?"

"Kar ka kuskura ka nuna ka sani. Kai ka yi karatu, ka san dabara."

Albasar da injin nan ya shayar ta biya mini rajista a jami'a ba sau ɗaya ba. Na san haka, Inna ma ta sani, shi ya sa ba ta ambata ba. Na wuni ina tsara abin da zan ce. Na yanke cewa in Kawu ya shigo, zan ja shi kantar tsakiya a hankali, in nuna masa fitilun bango biyu masu kyau waɗanda ba sai an taɓa injin ba. Duk shirin nan na yi shi ne a kan zai zo shi kaɗai.

Bayan azahar sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar shago. Kawu ya fito ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma taubashinsa, dillalin albasa ne a Aliero, mai jiki da murya. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma dangin angon maƙwabtan 'yan'uwan taubashin ne, duk abin da ya gani a Jega kafin dare ya isa Jiga Birni. A bayan motar na hangi injin an rufe shi da buhu, bakin mesa ya leƙo.

"Salamu alaikum, masu wuta!" in ji taubashin. "Ga mutumin Andarai na kawo muku. Ku rage hasken ga kar shi firgita, shi wata ya sani."

Kawu ya ce, "Rabu da shi, ɗan nan. Warin albasa ya taɓa mai kai."

"Ni tawa wari takai, taka kuwa miya ta zama tun cikin rudu."

Suka yi dariya su biyun. Ni ban iya yi ba.

Alhaji ya sauko daga kujera ya durƙusa. Kawun matarsa ne, surukinsa ke nan. "Baba, an zo lahiya? Ya mutanen gida?" Suna gama gaisawa ya zura takalmi ya ce akwai saƙon da zai duba a tasha. Babu wani saƙo. Mutum ba ya ciniki da surukinsa, ba ya iya buɗe baki ya faɗa masa kuɗi, balle ya ce albarka. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ni, ya ɗan ɗaga ido sama wajen ƙarfen. Wataƙila ba abin da na fahimta yake nufi ba. Amma an daɗe ba a sayi mai 'yan kunne ba a shagon.

Na tsaya a inda na saba tsayawa. Na ce, "Kawu, akwai waɗannan na bango. A ganina dai ba su da laifi, in an sa guda biyu, ɗaya nan ɗaya can. Ko da yake ya danganta da ɗakin."

"Na bango?" in ji taubashin. "Makewayi za a ƙawata? Kai ɗan boko, ɗaga kanka." Ya nuna wadda ta fi girma a cikin masu rassa. "Irin wagga na sa ma ɗiyata bara. Har yau mata na zuwa kallo. Amma fa kar in matsa ma talaka, in na bangon ne ƙarfinshi, a ba shi."

Wasa yake yi, na tabbata wasa ne, domin bai san zancen injin ba. Amma Kawu ya riga ya ɗaga kai, kuma ya ɗaga shi a gaban mutum.

Sai na tuna ina da hujja ta gaskiya, har na ji sanyi a raina. Angon ya gina ɗakinsa ne a bakin gari, inda turakun wuta ba su kai ba tukuna. Na ce, "Kawu, akwai wani abu dai. A iya sanina babu wuta a unguwar da za a kai ta. Wannan kuma tana jan wuta ƙwarai, ƙaramin janareta ma ban tabbata zai ɗauke ta ba. Rufin ɗakin kuma na ji an ce bai da tsawo sosai. Kada a saya ta zo ba ta yi amfani ba."

Ƙofa na buɗe masa. Zai iya cewa, ka ji fa, ɗan boko ya ce ba ta yi, ya sauko ba tare da kowa ya ce komai ba.

Kawu ya dube ni kamar na yi magana da wani yare. Ya ce, "Wa ya ce ma kunna ta za a yi?"

Taubashin ya fashe da dariya har yana dukan kanta. "Ka ji digiri! Yaro, da tsakad dare mata ka zuwa ganin ɗaki? Da rana suka zuwa, su ɗaga kai su ga abu na walƙiya, su tahi su ba da labari. Ta ɗiyata ma har yau ba a cire mata leda ba."

Na daɗe ina sayar da fitilun nan, ina kunna su da janareta ina nuna wa mutane haskensu, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa da yawansu ba sa sake kamawa bayan sun bar shagon ba. Kawu ya tambayi kuɗi. Na faɗa a hankali, ina fatan kada ya ji. Ya ji, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Aje min ita. In munka yi la'asar zan sauke injin wajen bakanike, in dawo."

Na san ko wane irin bakanike ne. Akwai masu sayen tsofaffin injina a can ƙasan kasuwa.

Da aka kira salla taubashin ya yi gaba, ya ce zai biya wajen wani abokin cinikinsa, su haɗu a masallaci. Kawu ya nemi buta. Wurin alwala yana bayan shago, kusa da ɗan ɗakin da muke ajiye kwalaye. Na cika butar na bi shi. A cikin ɗakin nan akwai wani kwali da ya daɗe a lungu. 'Yar'uwar waccan fitila ce, iri ɗaya, zubi ɗaya. Wata rana muna gwada ta wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone 'yar akwatin da ke cikinta, aka nemi irinta aka rasa. Alhaji ya tura ta nan ya ce kada ya sake ganinta.

Na jira ya gama wanke ƙafa. Na ce, "Kawu, akwai wani abu da nake so ka gani. Ban san ko daidai ba ne. In bai yi ba, shi ke nan, kamar ban faɗa ba."

Na buɗe kwalin. Ya tsuguna ya ɗaga reshe ɗaya, duwatsun suka yi ƙara a hankali.

"Mi ya same ta?"

"Cikin ne ya ƙone. Jikin lafiya lau. Amma fa ba ta kamawa, ko an kai mata wuta."

"Wa ya sani?"

"Ni da Alhaji."

Ya juya dutse ɗaya a yatsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwarka ta kira ka ko?"

Na sunkuya ina gyara bakin kwalin.

"Tun tana yarinya ba ta riƙe magana." Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Tambayi maigidanka."

Na kira Alhaji a waya na yi masa bayani, ina ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama. Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Wato ka kashe min ciniki ke nan." Sai kuma ya ce, "Ba shi yadda ka gani. Amma ban san zancen ba, ban ji ba." Na faɗa wa Kawu abin da bai kai kuɗin fitilun bango biyu ba. Ya zaro daga aljihu ya ba ni a nan bayan shagon, muka tafi masallaci.

Saura abu ɗaya da ban hango ba. A shagonmu wadda ke rataye ta nuni ce, daga ɗakin ajiya ake ɗauko wa mai saye tasa, wannan bai ba kowa mamaki ba. Amma ba a fita da fitila sai an gwada ta a gaban mai ita. Da na fito da kwalin na ɗaure shi da igiya, taubashin ya dafa shi.

"A'a. Tada janareta. Ko ba a kunna ta can, a nan sai ta nuna mana tana da rai. Ni ba a sayar min da gawa."

Na fara cewa man janaretan wataƙila ya yi ƙasa, ko da yake zan iya dubawa. Kawu ya katse ni, ya juya ga taubashin.

"Ɗauke hannunka. Ɗana ne ya ba ni. Kai da ba ka yarda da kowa, har buhun da ka cika da kanka sai ka zazzage, kai ka saba gwaji. Abin da yaron ga ya ɗauko min da hannunshi, ba ni gwada shi."

"To," in ji taubashin. "Kowa ya shaida. In ta ƙi, ɗan boko muka kamawa."

Akwai masu saye a shagon a lokacin, sun ji. Kawu ya sa aka sauke injin wajen bakaniken gaskiya, aka canza masa fulogi don kada zuwan ya zama babu dalili, aka mayar da shi mota. Na tsaya a ƙofa ina kallon su suna tafiya, kwalin da injin suna gefe da gefe. Ya kamata in ji daɗi, kuma na ji, amma ba sosai ba. Na yi ta tambayar kaina ko wannan yaudara ce. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Waɗanda za su kalla kuma kallo kawai za su yi.

Ranar jere ni aka tura in rataye ta. Matan danginmu sun cika ɗakin suna goge kwanuka suna gardamar inda madubi zai zauna. Na hau duro, na huda silin na samu katako, na rage sarƙar saboda rufin gajere ne kamar yadda na ji. Angon, mutum mai kunya da ladabi, ya tare ni a waje ya roƙe ni in ja waya in sa makunni tun yanzu, don ranar da Allah ya kawo wuta sai dai a danna. Na ja wayar, na lulluɓe ta da kyau, na sa makunni a bango, na haɗa komai daidai kamar fitila mai rai.

Amaryar taubashiyata ce ni ma, tunda 'yar kawuna ce, kuma ba ta raga mini. Da na je yi mata sallama kafin a kai ta, na miƙa mata fitilar caji daga kantar ƙasa, na ce gudummawata ce.

"Kai, taubashi! Duk digirin nan a kan duro ya ƙare, gudummawar ma ta 'yan tireda? Allah shi kyauta rowa."

Na ce, "Ki riƙe dai. Wataƙila ta yi miki amfani kafin waccan."

Maza ba sa shiga ganin ɗaki. Daga waje na ji guɗa. Yayata ce ta ba ni labari daga baya, wai an buɗe taga rana ta bugi duwatsun, ɗigo-ɗigon haske suka watsu a bango da kan gado, wata tsohuwa daga dangin ango ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba sai a gidan 'yar dillalin nan na Aliero. Inna ta kira ni ta sa mini albarka. Kawu ya yi dashensa a kan lokaci. Na ɗauka magana ta ƙare.

Da albasa ta sake shigowa, ta angon ta yi kyau ta kuma samu kasuwa. Ya sayi sola da batir. Wata safiya ina share shago wayata ta yi ƙara, amaryar ce.

"Ɗan boko, fitilarka ta ƙi. An haɗa sola, fanka na juyawa, mun danna makunni shiru. Mai solar ya ce gobe zai sauke ta shi buɗe shi gani. Baba na Aliero ma ya ce yana zuwa da magariba kallo."

Taubashin Kawu take nufi. Na zauna a kan kwali. Duk wanda ya san wuta, yana buɗe ta zai ga ƙunar ta tsufa, har ta yi tsatsa. Zai faɗa, don ba shi da dalilin ɓoyewa. Daga nan ko dai a ce na cuci kawuna, ko a gane Kawu ya sani, gawa ya saya wa 'yarsa da idonsa a buɗe. Na farkon zan iya ɗauka, ina jin. Na biyun ne ba zan iya ba, kuma na san Kawu ba zai bari a ɗora mini na farkon ba, zai buɗe baki.

Na ce, "Kada a bari kowa ya taɓa ta. Tana da wuyar sha'ani, mai yiwuwa ba irin wutar da take so ba ce. Ina zuwa yau."

Na ɗauki igiyar ƙananan fitilun nan na zagaye madubi daga kantar ƙasa, masu ruwan zinariya, na cusa a jaka tare da kayan aiki. Alhaji ya ga abin da na ɗauka bai tambaye ni ba. Na hau babur na bi hanyar Aliero na karkata Jiga Birni. Na ce a bar mini ɗakin ni kaɗai saboda aikin wuta ne. Na sauke fitilar a kan tabarma, na cire ƙonanniyar akwatin na jefa a jakata, na shiga zura igiyar reshe bayan reshe, ina ɓoye ta a bayan duwatsun, ina ɗaurewa da siririyar waya. Zufa tana ɗiga a kan gilashin ina gogewa da hannun riga. Kowane motsi na ji a ƙofa sai in waiwaya.

Da aka idar da magariba taubashin ya iso. Ya tsaya a tsakar gida aka ɗage labule, ango yana gefensa, mata suna leƙe ta katanga. Amaryar ta danna makunni. Fitilar ta kama. Haske ne mai laushi, ya shiga cikin duwatsun ya fito, ba shi da ƙarfi amma yana da kyau. Mata suka yi guɗa. Taubashin ya karkata kai yana kallo, sannan ya zaro waya ya kira Kawu, ya buɗe muryar kowa na ji.

"Mutumin Andarai, hitilarka ta kama. Amma kamar tana azumi. Ta shago ta hi wagga haske nesa."

Muryar Kawu ta fito. "Ɗakin amarya ne, ba teburin mai tsire ba. Kai dai ba ka san abu mai daraja ba."

Taubashin ya juyo gare ni. "Ɗan boko, mi ya rage mata ƙarfi?"

Na ce, "Wataƙila batirin ne. Ko kuma yanayin solar. Ba zan iya cewa tabbas ba."

"Kai dai ba ka taɓa cewa tabbas ba tun da anka haife ka," ya ce, aka yi dariya, aka kawo fura.

A hanya na tsaya na kira Kawu. Ban san abin da nake so ya ce ba. Ya tambaye ni ko an ba ni abinci a can. Na ce an ba ni. Ya ce, "To madalla. Ka riƙa leƙa ta."

Fitilun kantar ƙasa ba sa daɗewa, shi ya sa suke kantar ƙasa. Reshe ɗaya zai mutu, sai wani ya fara ƙiftawa. Duk lokacin da haka ta faru amaryar tana kirana, yanzu ma ba amarya ba ce, tana da goyo. Na riga na gaya musu fitilar ba ta son hannun kowa sai nawa, sun kuma yarda, har mijin yana ba wa mutane labari cewa sai ɗan jami'a ke iya mata. Ina zuwa, a bar mini ɗakin, in canza igiya, in sha fura, in dawo Jega.

Kwanakin baya wani abokin karatuna ya samo mini koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, can nesa, tafiyar yini guda a mota. Tarihi za a koyar, abin da na karanta. Akwai ɗaki, akwai albashi, ba mai yawa ba amma nawa. Na ce masa zan yi shawara. Na san in na tafi, reshe na farko da zai mutu za su ɗan jira ni, na biyu za su kira mai sola. Mai yiwuwa ba abin da zai faru. Mai yiwuwa a yi dariya kwana biyu a manta, tunda yarinyar tana zaune lafiya a ɗakinta. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Amma na san bakin taubashin, na kuma san Kawu, mutumin da ya yarda ya rabu da injinsa don kada ya sauke ido daga sama zuwa tsakiya a gaban mutum ɗaya.

Na shirya na tafi Andarai da niyyar in gaya masa, in ji ko zai sake ni. Na tsara maganar a hanya, na sake tsara ta. Na same shi a fadama, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Albasar ta yi kore shar. Injin yana bakin rijiya yana ta ruri, sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna kunnensa, ya matso.

"Ya hitilarmu?" ya ce da ƙarfi.

"Tana ci, Kawu."

"Madalla! Ka riƙa leƙa ta."

Na buɗe baki. Maganar da na tsara doguwa ce, tana da ko da yake da wataƙila a ciki, ba irin wadda ake faɗa da ihu ba ce. Kafin a ji ta sai an kashe injin, ni kuma ban ga yadda zan ce masa ya kashe shi ba. Ya miƙo mini fartanyar ya nuna fangalin gaba, ya tafi duba mai. Na cire takalmi na shiga ruwan.